Na Zana Ganyen Duniya, Na Bar Na Tsakar Gida

Zongo, Kwatano.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya a duk inda kika buɗe ta, ko a cikin jirgi ne, ko kuwa kin riga kin sauka a ƙasar Rasha. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin wanda kika sani da wanda ba ki sani ba.

Kin san halina. Sunanki ma ba na iya kamawa, don na mahaifiyata ne, balle in zaunar da ke in yi miki doguwar magana ido da ido. Tun ranar da aka kafe sunayen waɗanda gwamnati ta ba burs, wato kuɗin karatu, na karatun tsirrai kika dawo gida da gudu, nake ta haɗa maganar a raina. In na buɗe baki sai in ji ina tambayarki ko kin sayi safa. Shi ya sa na koma ga takarda, ita ce abokiyar hirata tun ina saurayi. Ba labarin gida zan ba ki ba, kin fi ni saninsa. Wuraren da na yi tuntuɓe zan nuna miki, tunda hanyar da kika ɗauka ta yi kama da tawa: akwatin fenti a hammata, ƙafa a ƙasar mutane.

Ba ki san kakanki Alhaji Mamman ba. Kakanninsa daga Kano suka gangaro da fataucin goro, shi kuwa a nan Zongo aka haife shi, a nan ya tsufa a bakin huhunan goronsa. Tun ina lakwal, wato makarantar boko, nake zane a bayan kowace takarda da ta faɗo hannuna. Ganyen da ake rufe goro da shi ma ban bar shi ba, sai in shimfiɗa shi in bi jijiyoyinsa da fensir. Mutanen unguwa suka fara cewa ɗan Alhaji ya kama aikin masu gumaka. Kin san abin da ya yi? Bai dake ni ba. Da ƙafarsa ya je wurin liman ya tambaya, ya dawo ya ce mini, "Malam ya ce itace da ganye babu laifi, mai numfashi ne abin gudu. Ka tsaya a kan ganyenka." Daga ranar ban taɓa zana fuskar mutum ba.

Da wani Bature mai binciken tsirrai a lambun Porto-Novo ya ga zanena ya ce zai ɗauke ni aiki, sai kakanki ya roƙe ni abu guda. Ya ce in dakata zuwa baɗi, ƙanena Sule ya ɗan ƙara wayo ya karɓi rumfa. Da safe ne, yana tsugune da ƙwarya a hannu yana yayyafa wa goro ruwa. Na tsaya a kansa, ban ko rusuna ba, na ce, "Baba, ni fa ba zan ƙare rayuwata ina yayyafa wa goro ruwa ba."

Bai ɗago ba. Ya gama da huhun da ke gabansa, sannan ya ce, "To. Ruwan nan dai shi ya saya maka fensirin. Allah ya kiyaye hanya."

Uwata, yau shekara nawa ina yayyafa wa takarda ruwa kafin in sa mata launi? Duk sanda na tsoma yatsu a gwangwani na yarfa, sai in ga hannunsa. Za ki je inda za a koya miki sunayen ganye da harshen da babu mai jinsa a Zongo. In kin dawo kika tarar da innarki tana facin gwanjo a kasuwar Misebo, ko baffanki Sule yana kasa goro a faranti, ki tuna da abin da ya kai ki can. Kada ilimi ya sa harshenki ya yi kaifi a kan wanda ya ciyar da ke.

Na yi niyyar in janye maganar nan da na faɗa wa kakanki. Kullum ina cewa sai na zama wani abu, in zo da abin hannuna in durƙusa. Aiki ya kai ni Yamai, can na tare da innarki Zulai tana amarya, can aka haife ki. Muna zana tsirran bakin kogi don wani littafi. Akwai wata albasar kwaɗi da ke fitowa a fadama bayan ruwan farko, furenta fari da jan layi a tsakiya, ba ya daɗewa yake yaushi. Shekarar da ta gabaci wannan na makara, na tarar ya zube. A wannan shekarar na sa mata ido tun tana toho. Kan furen ya kumbura ke nan, yana shirin buɗewa, sai ga waya daga Kwatano: Baba ba lafiya, ka zo.

Innarki ta ɗaure kaya nan take, ta goya ki. Ta ce, "Malam, ajiye buroshin nan mu kama hanya."

Na ce, "Bari ya buɗe tukuna. Baba ƙarfi gare shi, zazzaɓi ne kawai."

Ta ce, "Fure zai dawo baɗi."

Na ce mata ba ta gane aikin ba ne.

Furen ya buɗe, na zana shi. Ban taɓa yin zanen da ya kai shi ba, har raɓar da ke leɓen furen ta fito. Sannan muka hau mota zuwa Paraku, muka shiga jirgin ƙasa. Da muka shigo layinmu sai na hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, maza zaune jere, takalma a gefe. Sule ya taso ya karɓi jakata. Bai ce mini komai ba sai, "Yaya, ya yi ta tambaya ko jirgin Paraku ya iso."

Zanen yana nan a ƙasan akwatin tufafina, a kife. Kin sha tambayata me ya sa ba na rataye shi, ga dalilin. In saƙo ya zo miki daga gida cewa ki zo, ki zo. Kada ki tsaya auna nauyin ciwon daga nesa, mai nisa ba ya ganin daidai. In kuma akwai wata magana da kika san kin faɗa wa wani ba daidai ba, kada ki jira sai kin zama wani abu. Ki je hannu wofi, ya fi.

Bari in ɗan huta da wannan in yi miki maganar aiki, ita ce na fi iyawa. Ki tashi da wuri, hasken hantsi ne mai gaskiya, na yamma yana ƙara wa kore rawayar da ba tasa ba. Ki zauna taga tana hagunki. Kada ki yarda da ruwan da ba ki sani ba. Kin ga yadda ruwan rijiyarmu mai gishiri-gishiri yake kashe shuɗi, har nake tarar na sama a tulu. Can ma ki gwada nasu a gefen takarda kafin ki sa wa aiki. Koren da ke cikin akwati ba na kowane ganye ba ne, ki haɗa naki. Inda haske ya faɗa a kan ganye ki bar farin takarda, don in kika rufe shi ba ya dawowa. Ki daina tsotsar bakin buroshi, a wurina kika ɗauka, kuma mugun hali ne. Na sa miki ƙaro a ƙullin tsumma, in fentinki ya bushe ya farfashe ki jiƙa kaɗan ki haɗa. In kin ga tsiro ya fara sunkuyar da kai, ki fara da furen, ganye yana da haƙuri.

Amma babban abin shi ne wannan. A Yamai ɗin nan an kawo mini wata 'yar yaɗo daga daji, da ganyenta da furenta, 'ya'yanta kuwa ɗanyu. Mai gidan aikin yana gaggawa, littafi zai tafi wurin bugawa. Ya ce, "In sun nuna wane launi suke yi?" Ban sani ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ji kunya, na ce ja. Na zauna na zuba musu ja mai kyau, har da ƙyalli. Shekaru bayan haka, a wani daji kusa da Ibadan, na ci karo da ita ta nuna. Baƙaƙe ne wuluk. Na tsaya a wurin kamar an kama ni da sata. Littafin yana ɗakunan karatu a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, wataƙila ma ki same shi a can, da sunana a ƙasan shafin. Babu wanda ya taɓa tuhumata, amma wani ɗalibi yana can yana neman jajayen 'ya'ya a daji saboda ni. Abin da idonki bai gani ba, ki bar gurbinsa fari, ki rubuta a gefe da fensir cewa ba ki gani ba. Wannan ba a zane kaɗai ba.

Bayan rasuwar kakanki mun yi yawo. Lome, Kumasi, muka sake komawa Yamai, duk inda aka ce ana neman mai zanen tsirrai sai in ce a ɗaure kaya. Muna dawowa gida ba da jimawa ba sojoji suka karɓi mulki, aka shiga zamanin juyin juya hali. Ke kin tashi a cikinsa, kin iya waƙoƙinsa, kin yi noma a gonar lakwal, ba sai na ba ki labari ba. Ban ce duk abin da aka yi sharri ne ba, ga shi ta dalilinsa 'yar mai zane za ta hau jirgin sama. Abin da ya same ni a ciki kawai zan faɗa.

Da aka san ina da hannu, sai delege, wakilin gwamnati a unguwa, ya riƙa aiko a kira ni. Yau allo, gobe bango, jibi tuta. Jan fenti na mai, manyan haruffa, tauraro. Na ajiye fentin ruwa ya yi ƙura. A wani ƙauye a hanyar Wida akwai wata bishiyar loko, mutum shida ba sa zagaye gindinta da hannu. Tun kafin juyin nake zuwa can ranar hutu, don akwai ƙananan tsirrai da ke rayuwa a kan rassanta waɗanda ban gani a ko'ina ba. Mutanen ƙauyen suna ɗaura mata farin ƙyalle suna yi mata yanka. Wani tsoho ne ke kula da ita. Ni ba na jin Fon sosai, shi ba ya jin Hausa, amma kullum sai ya shimfiɗa mini tabarma ya kawo ruwa, in lokacin salla ya yi ya kore mini yara. Na sha ce masa zan zana bishiyar gaba ɗayanta, tun daga saiwa har ƙoli. Ina jiran in samu babbar takarda mai kyau. Kullum ina jira.

Sai aka shiga kamfen na yaƙi da maita, aka ce irin waɗannan itatuwa maɓoyar mayu ce. Wata safiya aka ɗora ni a kamyo, babbar motar kaya, tare da samari masu gatura, ni aikina in rubuta allon da za a kafa a wurin. Sai da muka sha kwanar ƙauyen na gane inda za mu. Tsohon yana zaune a gindinta. Ya dube ni, ya dubi gwangwanin jan fenti a hannuna, ya ce da 'yar Faransancinsa, "Mai zane, har da kai?"

Na ce, "Aiko ni aka yi, Baba."

Ya ce, "To ka zana ta tukuna. Kafin su gama wasa gatari ka samu ko rabi."

Uwata, akwatin fentin ruwa yana cikin jakata, da 'yan takardu. Na kai hannu har na taɓa shi. Sai na ga shugaban samarin yana kallona, ya ce, "Kamarad, akwai matsala ne?" Na ce babu. Na durƙusa na rubuta allon, haruffa a miƙe, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Sai bayan la'asar bishiyar ta faɗi. Ƙasa ta girgiza har cikin haƙorana, tsuntsaye suka yi ta kewaya sararin da ta bari. Tsohon bai yi kuka ba, ya naɗe tabarmar nan da yake shimfiɗa mini ya shige gida.

Ni musulmi ne, ban taɓa durƙusa wa itace ba, ba kuma zan yi ba. Amma itacen nan halittar Allah ne, ya girmi kakan kakana, mutumin nan kuma ya ba ni ruwa. Ba ni da ƙarfin hana sara, wannan na sani. Abin da ke cikin ikona ɗan zane ne a takarda, shi ma tsoro ya hana ni. Da na yi, iyakarta a yi mini tsawa.

Kuɗin gwamnati ne zai kai ki, za ki ce kamarad, za ki tafa inda ake tafawa. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, ka nemi tsumma ka ɗaura. Ki ɗaura, ban hana ki ba, baƙo ba ya gyara gari. Ki rage surutu a kan siyasa, ko da 'yan ƙasarmu ne, don ba ki san wanda ke kai rahoto ba. Amma ki san iyakar tsumman. Ki riƙe sallarki ko a ɗaki ne a ɓoye. In aka miƙo miki aikin da zuciyarki ta ƙi, ki auna tsoron da kyau, sau da yawa bai kai girman da yake nunawa ba. Kuma kada ki jira babbar takarda. Ki zana da wadda ke hannunki.

Bayan wannan Kwatano ta fita raina. Ko warin fentin mai ba na son ji. Da na ji ana neman mai zane a wata cibiyar binciken noma a Ibadan, ban yi shawara da kowa ba na karɓa. Ke muka bar ki wurin gwaggonki Hajo saboda lakwal. Na tuna kin riƙe bakin zanen innarki a tasha, ni kuwa ina can ina faɗa da kwandasta kada ya ɗora buhu a kan takarduna. Ban ma juyo na ɗaga miki hannu ba, sai da mota ta haye gada na tuna. Ki yafe mini wannan.

Yanzu zan zo kan innarki, ita ce na fi jin nauyin maganarta.

Duk gidan hayar da muka sauka, abu biyu take fara yi. Ta nemi inda za ta kafa keken ɗinkinta kusa da ƙofa, sannan ta nemi gwangwanaye ta shuka wani abu. Zogale a Yamai, gwanda a Lome, lalle a Kumasi, lemun tsami a Ibadan. Da ruwan wanke shinkafa take ba su. Sai abu ya kama ƙasa, ya fara nuna alamar zai yi 'ya'ya, sai in shigo in ce an kira ni wani wuri. Ba ta taɓa cin abin da ta shuka ba. Wata rana a Lome na ji tana ce wa maƙwabciyarmu, "Gwandar nan taki ce, Maman Afi. Ni dai mai shuka wa mutane ce." Dariya suka yi, ni ma na yi. Ni da nake tafiyar yini guda don in ga wani ganye a daji, ban taɓa tsugunawa na dubi na gwangwaninta ba.

Keken nan kuwa da adashinta ta saya tun muna Yamai. Duk sanda albashina ya makara, ko aiki ya ƙare kafin wani ya samu, ƙararsa ce ke sa tukunya a wuta. Kayan sallarki duka a kansa aka ɗinka.

Kin san an kori baƙi daga Nijeriya muka dawo, kin kuma san keken bai dawo ba. Yadda aka yi ne ba ki sani ba. Sanarwar ta zo da ɗan gajeren wa'adi. Na ɗauka ba ta shafe ni ba, ni da kakannina suka fito daga Kano. Na je ofis da katin shaidata, na tarar da wani jami'i Bahaushe. Muka gaisa, har ya tambaye ni mutanen gida. Ya juya katin ya ce, "Malam, wallahi Hausarka ta fi tawa, amma takarda ta ce kai baƙo ne." Ki riƙe wannan ma: a ƙasar mutane takardarki ita ce danginki. Kada ki bari ta mutu, kada ki ba kowa ajiyarta.

Motar da muka samu ta cika har sama. Direba ya dubi kayanmu ya ce kaya ɗaya babba zai ɗauka, mu zaɓa. Ga akwatin katako mai zanena na shekara da shekaru, ga keke. Ban ko dubi innarki ba na ce a ɗora akwatin.

Ta ce, "Malam, kekena fa?"

Na ce, "A bar wa matar mai gida ajiya. In ƙura ta lafa sai in dawo in ɗauka."

Ta ce, "Da me za mu ci a can?"

Na ce, "Keke ana sayen wani. Waɗannan in sun tafi sun tafi."

Ta cire ɗankwalinta na biyu daga jaka ta lulluɓe kan keken, ta ɗaure da kyau kamar mai shirya yaro zai yi tafiya, ta hau mota. Har muka wuce iyaka, da duk wahalar da aka sha a can, ba ta sake ta da maganar ba.

Da muka iso ba mu da ɗaki, sai na kai akwatin gidan wani abokina a unguwar Akpakpa, kusa da ruwa. Na shiga neman abin yi, watanni suka wuce ban leƙa ba. Damina ta zo ta tafi. Ranar da na je na buɗe, wari ne ya fara tarye ni. Laima ta shiga, fumfuna ta cinye su. Takardu sun manne da juna, kore da baƙi sun hau kan komai. Na ɗauko shi a amalanke na kawo gida na zauna a gabansa, na kasa taɓawa. Innarki ce ta shimfiɗa tabarma a rana, ta ɗauko wuƙar girki, ta riƙa ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya a hankali tana jerawa tana danne gefensu da duwatsu. Yini guda tana yi. Abin da ya tsira bai taka kara ya karya ba. Da ta zage ni ranar nan da na samu sauƙi. Abin da ta ce kawai, "Wannan na kalgon bai lalace sosai ba, Malam, duba."

Ban koma Ibadan ba. Wani keken ma ban saya ba, kullum da abin da ya fi shi gaggawa. Shi ya sa kika ga tana tafiya Misebo tana hayar keken wata a rumfar mutane, mace mai shekarunta.

Ban ce ki bar zane ba, Allah ya sani shi ne daɗin rayuwata, kuma hannunki ya fi nawa taushi. Amma aikin nan yana da wata yaudara. Yana sa ki ji kamar abin da ke kan teburinki ya fi duk abin da ke cikin gida daraja, har ki riƙa ganin mutane kamar masu tare miki haske. Wata rana za ki yi aure, ko ki zauna da wasu a ɗaki ɗaya. In za a tashi, ki tambayi na kusa da ke me shi zai bari. In mota ba za ta ɗauki kayan kowa ba, a zauna a yi magana. Kuma duk inda kika je, ki sa ranar dawowa a ranki. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni na yi ta ganin kaina baƙo a ko'ina, har na dawo Zongo na tarar yaran layinmu suna tambayar wane ne wannan tsohon.

Yanzu ido ya yi rauni, hannu yana rawa. Abin da nake zanawa tafasa ce da rai-ɗore na bakin layin dogo, in sayar wa masu yawon buɗe ido in an dace. Ranar da kika tafi karɓo fasfo, ina zaune a tsakar gida ina wanke buroshi, sai idona ya faɗa kan lemun tsamin da innarki ta shuka bayan dawowarmu, wanda ke jikin randa. A ƙasa ta sa shi wannan karon, ba a gwangwani ba. Kullum ina wuce shi in je alwala. Sai ranar na lura ya yi 'ya'ya, ƙanana, kore shar.

Na ce, "Zulai, lemonki ya haihu."

Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Tun watan jiya."

Na ce, "Bari in zana miki shi."

Ta ce, "Sai yanzu da ido ya tafi?"

Na ɗauko wuƙa zan yanko reshe in kai teburi, yadda na saba. Sai ta ajiye faifan ta ce, "A'a. Kada ka yanka mini. In zanawa za ka yi, ɗauko kujera ka zo inda yake."

Na ɗauko kujera na zauna. Na jiƙa takarda ke nan sai ta ce, daga bayana, "Malam, wannan ma akwai inda za mu je mu bar shi?"

Na ce, "Babu."

Ta ce, "To zana."

Zanen bai yi kyau ba, layin yana karkarwa, koren ya yi duhu. Na so in yaga. Ta karɓe tun bai gama bushewa ba ta sa a cikin kwallarta, inda take ajiye zannuwan fita.

Uwata, na cika ki da surutu. Ki riƙa rubuto mana, ko layi biyu ne, da Hausa, don in karanta wa innarki ba sai na fassara ba. Ki aiko wa gwaggonki Hajo gaisuwa ta daban, ita ta riƙe ki lokacin da ni ban riƙe ba. Ban san tsirran ƙasar da za ki ba, an ce har akwai watannin da babu ganye ko ɗaya a kan itace. In haka ne ki zana rassan, kafin ganyen ya dawo.

Na yafe miki duniya da lahira, ban ma san abin da kika yi mini ba. Ke ma ki yafe mini. Allah ya kai ki lafiya, ya sa ki fi ƙarfin sanyinsu da kaɗaicinsu. Allah ya buɗa miki karatu, ya tsare miki imaninki da mutuncinki, ya sa duk ƙofar da kika ƙwanƙwasa mai alheri ne zai buɗe. Allah ya dawo mana da ke muna raye, in kuwa ya ƙaddara ba haka ba, ya sa ki same mu a addu'arki. Amin.

Innarki tana gaishe ki. Na tambaye ta ko akwai abin da zan rubuta mata, ta ce ki riƙa rufe kunnuwanki, kuma kada ki zauna da yunwa saboda zane. Ta ce sauran ba na takarda ba ne, za ta faɗa miki da bakinta a filin jirgi.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki.